Wa Ke Duba Gini? Tarihin Wani Aiki da Ya Suɓuce Mana a Arewa

A daminar 2024, cikin watan Agusta, ɗakin gwaggona ya faɗi a wani ƙauye kusa da Geceme. Da dare ne, bayan ruwa ya kwana biyu yana zuba. Allah ya kiyaye, bangon waje ya kifa, rufin ya sauko ta gefe guda. Ta fita da karaya a ƙafa, jikokinta biyu da ke kwance tare da ita ba abin da ya same su. Ɗakin bai kai shekara shida ba. Na birgin ƙasa ne, amma an shafe shi da siminti ta waje, har ana cewa ya fi kowane ɗaki kyau a layin. Da aka zo kwashe ƙasa sai aka tarar simintin ya ɓare falle-falle, ƙasar da ke bayansa kuwa jiƙe take sharkaf tun daga gindi har tsayin ƙugu. Ruwa ya daɗe yana shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, ba wanda ya gani.

A wannan shekara sama da mutum 300 ne suka rasu a Nijar sanadin ruwa, kuma in kun lura da sanarwar hukuma, kashi biyu take raba su: waɗanda ruwa ya ci, da waɗanda gini ya faɗa wa. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, shi ma ya rushe.

Da hutu ya zo na tafi gida Dutsi, na tarar ƙanena, ɗan kawuna, ya shiga santir ɗin koyon sana'a, sashen gini. Wata rana da la'asar kakanmu, wanda ya yi shekara arba'in yana gini kafin idonsa ya raunana, ya tare shi.

«Kai abokina, mi anka koya muku can?»

«Jera birgi, Kaka, da auna igiya, da karanta pilan.»

«To in kun ƙare, wa ka duba aikin?»

«Kwantirola.»

Tsohon ya yi dariya har da tari. Shi kwantirol ɗaya ya sani, wanda ake tsayar da mota a bakin hanya a miƙa takarda da ɗan abin goro. Sai ya juyo wajena ya ce, «Amarya, ke da ke rubutu, rubuta wanga: ɗaki ba shi hwaɗuwa rana guda. Sai ya yi shekara shina gaya maka.»

Ni dai harshe nake karanta, ban taɓa riƙe cokalin gini ba. Amma tambayar Kaka ta bi ni har Yamai, shi ya sa na bi sawunta a tarihi.

Kafin zuwan takarda

Duba gini tsohon aiki ne. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun yanke cewa maginin da gidansa ya faɗi ya kashe mai gida, shi ma kashe shi za a yi. A Tunis, cikin ƙarni na 14, an yi wani magini mai suna Ibnul Rami wanda alƙalai ke aikawa ya duba bango ko magudanar ruwa in maƙwabta sun yi rigima, daga baya ya tattara hukunce-hukuncen a littafi. Ginshiƙin maganar a fiƙihun Malikiyya shi ne hana cutarwa: bangon da ya karkata kan hanya a sa mai shi ya rushe, indararonka kada ya zuba a gindin katangar wani. Irin waɗannan hukunce-hukunce sun iso ƙasar Hausa, har wani alƙalin Gwandu, Idris ɗan Halidu, ya tattara su a ƙarni na 19 don amfanin masu shari'a.

A manyan birane kuma maginan kansu suna da shugaba, Sarkin Magina. Shi ke tara magina in aikin sarki ya tashi, ganuwa ko fada ko masallaci, shi ke raba aiki, shi ake kai wa ƙara in gini ya ɓaci. Wanda ya fi shahara shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ake kira Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ƙasa ce da azara kawai, amma bakan gizon da ya ɗaura suna nan har yau, ko da yake a shekarun 1970 an kewaye su da sabon gini na siminti. Sarautar magina ta zauna a gidansa, unguwar ma sunansa take amsawa.

Abin lura a nan shi ne yadda ake zama magini. Yaro zai fara da kwaɓa ƙasa da ɗebo ruwa, ya koma cilla tubali sama, ya yi shekaru kafin a bar shi ya jera, ya ƙara wasu shekaru kafin ya taɓa rufi. Duk wannan lokaci idon maigidansa na kansa. In ɗakin da ya gina ya tsage, sunan maigidan ne ya ɓaci, kuma a gari guda suke kwana su tashi da mai ɗakin. Babu inda za ka gudu.

Na biyu, ginin ƙasa yana tafe da kalandarsa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana yaɓe, a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a ƙara ƙasa a gindin bango. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta matakala ce ta masu yaɓe, wato tun ranar gini an yi tunanin ranar gyara. A Jenne ta ƙasar Mali gari duka ke fitowa rana guda a shafe babban masallaci. Wanda ya hau bango da hannunsa kowace shekara, ai ya duba shi ke nan, ko bai kira abin da wani suna ba.

Mu a Arewa

Ƙasarmu ba ta yi birni irin Kano ko Zariya ba. Garuruwan Arewa, Lugu da Bagaji da Matankari da Tibiri da sauransu, na manoma ne da mafarauta da mayaƙa, kuma ginin da ya fi yawa a da shi ne ɗakin ciyawa, ko zagayen ƙasa da jinka a kai, sai darni na kara ko zana. Gwanintar ƙasa a rumbu ta fi fitowa. Duk wanda ya ga rumbun ƙasa na Arewa, bangonsa siriri, an ɗora shi kan duwatsu don gara da danshi, an rufa masa hular ciyawa, ya san masu wannan aiki sun fahimci ruwa ƙwarai.

A irin wannan zama babu buƙatar sarauta ta musamman. Gini aikin rani ne, da gayya ake yin sa, kuma dattijan gida ke tsaye a kai. Su suka san inda korama ke bi in ta sauko daga tudu, su suka san fadamar da ba a kafa ɗaki ko shekara goma ta yi ba ta cika ba. Kaka ya ce a zamaninsu in saurayi ya zaɓi wurin ɗaki, sai babba ya zo ya taka wurin da ƙafa ya ce a matsa gaba ko a matsa baya, kuma ba a gardama. Garin Dogondutsi kansa a cikin Dallol Mawri yake, tuddai na kewaye da shi, duk ruwan da ya faɗi bisansu cikin gari yake nufa. Sanin hanyar ruwa shi ne rabin sanin gini a wajenmu.

Ko da ɗakin ciyawa ya faɗi, da wuya ya kashe mutum, nauyinsa kaɗan ne. Abokin gabarsa wuta ce. Da soro ya yawaita, mai rufin ƙasa kan azara, sai nauyin da ke bisa kan mai barci ya ƙaru sosai. Azara ta gari daga giginya take, ita ce gara ba ta ci, kuma dajin giginya na kudancin dallol ne, wajen Gaya. Da mutane suka yi yawa, giginya ta yi tsada, hukuma ta sa ido kan saranta, sai aka koma kowane icce aka samu. Rufi ya yi nauyi, abin da ke ɗauke da shi ya yi rauni.

Nasara, bulala da siminti

A watan Afrilu na 1899 rundunar Bule da Shanwan, wato Voulet da Chanoine, ta afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Bayan yarjejeniyoyin iyaka na 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila, Arewa ta tabbata a hannun Faransa, ta zama mashigar hanyar da ta haɗa bakin kogi da Damagaram. Daga nan aka fara wani sabon irin gini: gidan kumandan, bariki, kurkuku, kampama, lakwal. Da aikin dole aka yi su. Kowane gari ya kawo mutane, su buga birgi mai kusurwa huɗu a cikin akwatin katako, su ɗauko icce da ka daga nesa. Sai a ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Kun ga ke nan, mai duba gini na farko da gwamnati ta turo mana gardi ne da bulala. Abin da yake ƙirgawa shi ne kawunan mutane da yawan birgi. Ba mamaki in talaka ya taso da tunanin cewa duk wanda hukuma ta aiko bakin aiki, wahala ya kawo, a lallaɓa shi ya tafi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, siminti ya fara sauka ƙasa-ƙasa. An buɗe masana'antar Malbaza a shekarun 1960, ta Kalambaina a Sakkwato ma haka, kuma mu da ke bakin iyaka ta ko'ina yana zo mana. Kwano ya biyo baya. Gidan siminti da kwano ya zama shaidar cewa mutum ya je bariki ko ya je Kurmi ya dawo da abin hannu. Har a bakin ma'aikata aka raba gini gida biyu da Faransanci: na siminti shi ne mai ɗorewa, na ƙasa kuwa na wucin gadi. Masallacin Zariya da hasumiyar Agadas duk sun faɗa cikin na wucin gadi ke nan.

Tare da siminti aka samu sabon mutum, tashero, mai karɓar aiki a dunƙule. Shi ba lalle ɗan garin ba ne. Yana iya zuwa daga Ƙwanni ko Dosso, ya ɗauki lebura, ya gama cikin wata biyu, ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Ribarsa tana cikin abin da ya rage: buhu ɗaya ya buga birgi fiye da ƙima, ƙarfe huɗu su koma uku, ban ruwa na mako guda ya koma kwana biyu. Ba duka ke haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, kuma sau da dama mai gidan ne da kansa ke matsa lamba a rage don aljihunsa. Amma igiyar da ta ɗaure magini da ɗakinsa har tsawon rai ta tsinke. Yaɓen shekara-shekara ma ya tafi, tunda an gaya wa mutane siminti ba ya son gyara.

A takarda dai akwai mai dubawa. Akwai izinin gini da ake nema a meri, akwai ma'aikatan birane da na jeni riral, akwai ofisoshin kwantirol masu bin manyan ayyuka, har a 2018 an yi doka kan ƙa'idojin gini da mazauni. Tibiri ta zama departama mai zaman kanta a 2011, da kominoninta huɗu, Tibiri da Dumega da Geceme da Kore Mai Ruwa, wai don hukuma ta matso kusa da jama'a. To amma wa ya taɓa ganin an zo duba ɗakin talaka a ƙauye? Ko gine-ginen jama'a ma, sai masifa ta auku ake tunawa. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara 20 a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma aƙalla yara 25 a Maraɗi. Bayan haka ne aka hana irin waɗannan azuzuwa ga ƙananan yara. Tsohon mai dubawa ya tafi, sabon bai iso ba, mu kuma muna kwana a tsakani.

Abin da kalmomi ke faɗa

Nan ne karatuna ya ɗan yi mini rana. Na zauna da Kaka da littafi, na ce ya lissafa mini kalmomin ginin ƙasa. Tubali, azara, zanko, indararo, tulluwa, bakan gizo, ɗaurin guga. Kayan shafe kuma akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi na gindin karofi, da laso da ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara don ruwa ya zame. Sai kalmomin ciwo: bango ya tsage, ya yi ciki, ya karkata, gindi ya zaizaye, gishiri ya ci shi, azara ta lanƙwashe, rufi na yoyo. Kowace kalma tana tafe da maganinta, kuma ko tsohuwa a cikin gida ta san bambancin tsagar da za a toshe da wadda za a kwashe yara a fita.

Da na juya wajen ƙanena sai harshe ya sake: fondasiyo, puto, shenaj, dal, beto, dozaj, parpan, shantiye. Duk aro ne daga Faransanci, kuma aro ba laifi ba ne, haka harsuna ke rayuwa. Ƴan'uwanmu na Najeriya daga Ingilishi suka ɗebo nasu, bulo da kankare da rodi da birkila. Abin da ya dame ni shi ne kusan duka sunayen abubuwa ne. Kalmomin ciwon siminti ba su shigo bakin jama'a ba. Mai gida zai iya cewa dal, amma ba shi da kalmar da zai ce ƙarfen cikin dal ya yi tsatsa yana kumbura yana fasa beto. Abin da ba ka da sunansa, da wuya ka kai ƙararsa.

Kalmar kwantirol kanta ta shigo Hausa ta bakin hanya, ma'anarta ta tsaya a kan shinge da takardun mota. Shi ya sa Kaka ya yi dariya. Alhali muna da namu: duba, bincike, kula, kiwo. Mukan ce kiwon lafiya, mi zai hana a ce kiwon gini?

Ƴan santir

Yau akwai inda ake koyon gini a aji. Akwai Lise Teknik Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai makarantar EMIG a Yamai mai fitar da injiniyoyi, sannan a ƙasa akwai kolejojin fasaha da santir-santir na koyon sana'a, waɗanda manufar gwamnati ita ce kowace komin ta samu nata. Injiniyan Yamai ba zai zo Dumega duba ɗaki mai ƙofa guda ba, kuɗin motarsa ma ya fi ƙarfin mai ɗakin. Amma yaron santir ɗan garin ne, a nan zai yi aure, a nan za a riƙa nuna ginin da ya yi. Shi ne ya fi kowa kama da maginin da.

Na duba littafin ƙanena na ga ana koya musu abubuwa masu amfani. Beto mai ɗaukar nauyi yana son wajen kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu bakwai na kilo 50. Ƙarfinsa ba ya cika sai bayan kwana 28, kuma cikin makon farko dole a riƙa ba shi ruwa. Ƙarfe yana son beto ya rufe shi da santimita biyu zuwa uku don kada danshi ya kai gare shi. Duk wanda ya san waɗannan, ya iya tsayawa bakin shantiye ya ƙirga buhu ya ce an rage. Amma darasin duba tsohon gini, da darasin ƙasa, ban gan su da yawa ba, alhali mafi yawan mutanenmu cikin ƙasa suke kwana. Da yaron da ya shafe ɗakin gwaggona ya san cewa siminti da ƙasa ba sa kama juna, ɗaya na numfashi ɗaya ba ya yi, da ya ce mata ta bar kuɗinta ta ɗaga gindin bango da dutse ta gyara indararo.

Kuma ba sai an je nesa neman misali ba. A Yama, cikin jihar Tawa, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 da taimakon mutanen gari, ya yi ta gyara yana ƙari har farkon shekarun 1980, aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Cikal, wajen Filinge, tun 1980 aka fara koya wa magina rufin ƙasa zalla ba icce, mai baka da tulluwa, don a huta da neman azara. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da birgin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. Ilimin aji da na hannu sun zauna wuri guda, ba wanda ya raina wani.

Abin da nake gani, kuma ra'ayin ɗaliba ne, shi ne a ƙara wa ƴan santir darasin kiwon gini, a yi shi da Hausa, a gayyato tsofaffin magina su shiga aji tun suna da rai. Kowace komin ta ɗauki biyu ko uku cikin waɗanda suka gama, a watan Afrilu da Mayu kafin ruwa su zaga azuzuwa da ɗakunan shan magani da masallatai, da gidan duk wanda ya kira su. Kada a ba su rasit na tara, in ba haka ba sun zama gardi. Shawara za su bayar: nan a toshe, nan a tokare, nan kada a kwana ciki bana. Mu kuma ƴan sashen harshe aikinmu ne mu zauna da su mu tattara kalmomin, na Kaka da na littafi, a buga ko da a irin wannan ɗan littafi namu na fotokopi.

Kafin in koma Yamai, Kaka ya sa ƙanena ya kama hannunsa suka zaga bayan gidanmu. Yana shafa bango da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, yana saurare. A wani wuri ya tsaya ya ce, «Ji nan. Ka ji ya yi kamar ganga? To ya rabu da uwarsa.» Yaron ya ƙwanƙwasa, ya ji, ya ciro alli daga aljihu ya yi wa wurin alama. Washegari da safe suka ɓare shafen, suka tarar da gara ta yi gida har kusa da azara. Gwaggo kuwa ta warke, tana takawa da sanda, an sake mata ɗaki da rani. Wannan karon ta ce ba a taɓa mata shi da siminti sai tsohon ya zo ya gani.